Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garin Injamena kan gaɓar kogin Shari

Mai girma Magajin Gari, da 'yan majalisar birni, da shugabannin arondisma, wato gundumomi, 10 na garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon wannan gari.

Ni magini ne, a nan Injamena gemuna ya yi fari, kuma yawancin yashin da na taɓa kwaɓawa da siminti daga cikin Shari aka ɗebo shi. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne gaɓar wannan kogi, tun daga wajen Gasi da Shagwa, a biyo ta Sabangali, har a dire Farsha da Milezi. Kogin yana cin ta shekara da shekaru, kuma ya fi yin ɓarnarsa a daidai lokacin da hankalin kowa ya bar bakin ruwa.

Babu wanda zai ce hukuma ta manta da ambaliya. Mun ga abin da ya faru a 2022, lokacin da ruwa ya haura mita 8 a ma'aunin gari, ya mamaye unguwannin Waliya da Tukra da Ngeli, har shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar 19 ga Oktoba. Mun sake gani a 2024, shekarar da ambaliya ta taɓa lardunan Chadi 23 gaba ɗaya, ta shafi mutum kusan miliyan 2, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan su. A tsakanin shekarun nan an ɗaga jinga a arondisma ta 9, an kafa injinan zuƙe ruwa, matasa sun kwana suna cika buhuna da ƙasa, mata suna kai musu shayi. Duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, Allah Ya saka masa.

Amma ambaliya daban, zaizayar gaɓa daban. Jinga tana hana ruwa tsallakowa ta sama. Zaizaya kuwa ta ƙasa take zuwa, kuma ba ruwanta da tsayin jingar da aka gina. Idan ƙasar da jingar ke zaune a kanta ta zaftare, to jingar ma ta bi ta, ko da mita nawa aka ɗaga ta. Ruwan ambaliya yakan shiga gida ya fita, mai gida ya dawo ya kwashe laka ya sake yaɓe. Filin da kogi ya cinye kuwa ba ya dawowa, takardar filin ce kawai take saura a cikin akwati.

Ranka ya daɗe, bari in faɗi yadda abin yake aukuwa, domin wanda ya tsaya a kan titi ya leƙa ba zai gani ba. Sai an sauka ƙasa a cikin rani an juya wa ruwa baya an kalli gaɓar. Za a ga ƙasar hawa-hawa take: a sama yumɓu mai tauri wanda ko diga sai ta yi da gaske, a ƙarƙashinsa kuma yashi mai laushi wanda yaro zai iya tonawa da yatsa. Inda kogin ya yi kwana, ruwa ya fi gudu a gefen waje, sai ya riƙa lasar wannan yashi yana kwashewa, har ya yi kogo a ƙarƙashin yumɓun. Akwai wuraren da babban mutum zai shiga kogon ya tsuguna, ya ɗaga kai ya ga saiwar dalbejiya tana reto a kansa. A sama kuwa mutane suna shanya tufafi, yara suna buga ƙwallo, ba wanda ya san a kan rufi yake tsaye. Kamar katangar ƙasa ce da danshi ya cinye gindinta: fuskarta lafiya lau, ranar da za ta faɗi kuma gaba ɗaya take kifewa.

Muddin kogi yana cike, nauyin ruwan da kansa yana tallafe gaɓar. Sai ya fara janyewa a Nuwamba da Disamba ake shiga uku. Ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi, ta yi nauyi, abin da ke tokare ta ya tafi, ruwan da ke cikinta kuma yana tsattsafowa ta gindi yana jan yashi waje. Da farko za a ga wata siririyar tsaga a sama, tana bin tsawon gaɓar, taki biyu ko uku daga baki. Masu lambu sun san ta sarai, da sun gan ta suke janye injin ban ruwansu. Bayan 'yan kwanaki, galibi cikin dare, sai a ji rugum. A lokacin an riga an naɗe tantunan 'yan gudun ambaliya, 'yan jarida sun koma wani labari, kowa yana cewa an tsira bana.

Ruwan da ke cika Shari ba namu ba ne na nan. Daminarmu takan ƙare a Satumba, amma kogin sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba yake kai ƙarshen cikarsa, saboda ruwan daga nesa yake tahowa: Shari daga Afirka ta Tsakiya ta biyo ta Sar, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa ya ratso Mundu da Lai da Bongor, su haɗu a nan tsakaninmu da Kusiri, garin Kamaru da ke ƙetare. Wato kogin yana da kalandarsa, kuma ba ya ɓoye ta. Daga Maris zuwa Yuni yana kwance, tsibiran yashi a fili, gindin gaɓa a bushe, mota ma tana iya sauka. Waɗannan watanni su ne lokacin aiki. Abin da ake yi a Oktoba da buhu da fitilar hannu ceton rai ne kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kogi kaɗai ke da laifi ba, da hannunmu a ciki. Gari yana girma, kowa yana son ɗaki, kuma ɗaki sai da yashi. Mu magina mu ne masu saye, don haka ba zan ce a hana ɗiba ba, wanda ya ce a hana ma bai san bakin mutum nawa ke ci daga shebur ɗin nan ba. Abin da ke kashe gaɓa shi ne wurin da ake ɗiba. Direba yana son inda motarsa za ta tsaya kusa, masu lodi suna son inda ba za su yi nisa ba, sai a tona daidai gindin gaɓa, wurin da ya kamata a ƙara wa ƙasa. Ga tsibiran yashi can a tsakiya, waɗanda kwashe su ma buɗe wa ruwa hanya zai yi. A shata wuraren ɗiba, a kafa alama, a gyara musu gangara ɗaya mai kyau da motoci za su riƙa bi, a sa shugabannin masu yashin su tsare dokar da kansu. Sun fi kowane ɗan sanda sanin wanda ya saɓa.

Haka masu jan bulo, da ke haƙa ramuka a bakin ruwa suna toyawa. Haka kuma lambatun gari. Je ka duba duk inda babbar magudana ta ƙare a bakin kogi: an kawo kankare har baki an tsaya, ruwan damina yana faɗowa daga sama a kan ƙasa tsirara, ya haƙa kwazazzabo yana komawa baya, har ya cinye ƙarshen magudanar kanta. Wannan gyara ne na 'yan buhunan siminti da tirela ɗaya ta dutse, a yi wa ruwan matakala ya sauka a hankali. Sai kuma shara da ake jibgewa a baki da sunan cike gurbi. Leda da tsumma ba sa riƙe ƙasa, suna dai ɓoye tsagar ne har sai ta yi girma.

Na san abin da 'yan kwangila za su kawo muku a takarda: doguwar katangar kankare miƙe tsaye, da fitilu a kanta, mai kyau a hoto. Kankare sana'ata ce, da shi na ciyar da iyalina, amma ina gaya muku gaskiya, miƙaƙƙiyar katanga a bakin kogi mai gindin yashi ba ta daɗewa sai an kashe mata kuɗin da garin nan ba shi da su. Ruwa idan ya bugi abu mai santsi ƙara gudu yake, ya tona ƙarƙashinsa, ya kuma je ya huce a kan maƙwabcin da ke ƙarshen katangar. Ruwan da ya taru a bayanta, in ba a bar masa ƙofofin fita ba, shi zai tura ta gaba. Shekarar farko a yanke ƙyalle, ta biyar a ga ta karkace.

Mu ba mu da teku, amma mutanen bakin teku sun riga mu shan wannan darasi, kuma nasu ya fi namu tsanani tunda ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau, ba kuma ja da baya yake ba. A San Luwi ta ƙasar Senegal, a watan Oktoban 2003, kogi ya cika yana barazanar shanye gari, sai hukuma ta yi gaggawar yanka wata hanya mai faɗin mita 4 a siririn tudun yashin da ya raba kogin da teku, don ruwa ya samu mafita. Garin ya tsira a wannan shekara. Amma yankan ya ci gaba da buɗewa da kansa har ya kai faɗin kilomitoci, ruwan gishiri ya shiga gonaki, ƙauyen Dun Baba Jey ya tashi dungurungum. Aikin dare ɗaya ne aka yi shi cikin firgici, ana biyan kuɗinsa fiye da shekara 20. Shi ya sa a wurare da yawa na bakin teku yanzu aka koma haɗa dutse da shuka: a sa dutse inda dole sai dutse, saura kuma a maido da itatuwan fadamar gishiri da ciyayin da ke riƙe yashi, a ja gine-gine baya a bar wa ruwa filin da zai yi numfashi.

Irin wannan nake roƙon a yi mana, daidai da ƙasarmu da aljihunmu. A fara da kwantar da gaɓar. Maimakon ta tsaya a miƙe, a sassabe ta ta zama gangara, kowace mita 1 ta tsayi a ba ta mita 2 ko 3 na kwanciya. A gindi, inda ruwa ke lasa, a haƙa a shimfiɗa ƙyallen nan mai tace ruwa ya hana yashi fita, a jera manyan duwatsu a kai, ko kwandunan waya cike da dutse. Kuma a binne su ƙasa da inda ruwan rani ke tsayawa, don in an ɗora su a sama kawai, kogi zai bi ta ƙarƙashi ya bar su a rataye. Na san dutse a Injamena ba abin wasa ba ne. Garin nan ko tsakuwa babu, sai an ɗauko daga wajen Dandi, tafiyar kimanin kilomita 100, kuɗin mota ya fi kuɗin dutsen. Saboda haka ba za a iya yi wa gaɓa duka ba, kuma ba a ma bukata. Wuraren da kogi ya yi kwana ruwa ke duka kai tsaye, da gindin gadoji, da bakin magudanai, da inda jinga ta matso kusa da ruwa, su ne za a ba dutse.

Sauran aikin na ciyawar jema ne. Duk wanda ya tashi a karkara ya san ta, da ita ake saƙa zana da malafa, kuma a fadamun Logon da Shari take fitowa da kanta. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne saiwarta, wadda ke nutsawa miƙe har mita 2 zuwa 3, cunkus, ta ɗaure yumɓun sama da yashin ƙasa wuri ɗaya. Ruwa yakan rufe ta makonni ta fito da ranta, wuta ta cinye kanta ta sake tohowa. Ana tsaga tushenta ne a dasa layi-layi a gicciye kan gangarar, tsakanin kowane dashe da ɗan'uwansa kamar faɗin tafin hannu, a bar taki ɗaya ko biyu tsakanin layuka. Idan ta haɗe, sai ta rage wa ruwa gudu, lakar da ya ɗauko ta kwanta a bayanta, gaɓa ta riƙa ƙaruwa maimakon raguwa. Lokacin dasa ta shi ne da zarar ruwa ya ja, ƙasa da sauran danshi, don ta kama kafin wata cikar. Abokan gabanta biyu ne a watannin farko, ƙishirwa da awaki. Dorinar da ke fitowa kiwo da dare kuwa, wannan sai dai a yi haƙuri da ita, ta riga mu zama a nan.

Sama da layin jema sai itatuwa, amma ba kowane ba. Giyayya da bagaruwa suna jure tsayuwa cikin ruwa, su za a sa a ƙasa-ƙasa. Maɗaci da tsamiya da kanya a ja su baya can kan tudu, domin babban itace a bakin gaɓa mai tsayi nauyi ne, in iska ta kaɗa shi da ƙasar yake tafiya. Kuma don Allah kada a yi mana dashen biki, a zo da 'yan makaranta da riguna iri ɗaya a dasa dubu a watan Agusta a tafi. A ba masu lambun wurin aikin reno, a biya su bisa abin da ya rayu bayan shekara. Suna da injin ban ruwa, suna wurin safe da yamma, kuma gonarsu ce farkon abin da kogi zai ci.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato filin da ke saman gaɓar. Duk gyaran da za a yi, sai an bar wani zirin fili tsakanin ruwa da gini, wanda kogi zai iya taɓawa a shekarar da ya yi fushi ba tare da ya rushe ɗakin kowa ba. Roƙona shi ne wannan ziri ya zama na jama'a, a rubuce, a kafa masa turaku, kada a yanka shi fuloti. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ta ɗauke, talakan garin nan ba shi da wurin shan iska da ya wuce bakin Shari. Ga masu wankin darduma da ke shanya su a kan yashi, ga masunta da ke gyaran koma, ga masu kwale-kwale, ga matan da ke sayar da soyayyen kifi, ga ɗalibai masu bitar karatu a gindin itace. A yi musu hanyar ƙafa, da benci na siminti, da matakalar sauka ruwa a wurare sanannu don kada kowa ya sare tasa, da makewayi. Ba a bukatar ƙofa da tikiti. Abin da muke tsoro shi ne a kashe dukiyar jama'a a gyara gaɓa, da ta yi kyau sai a wayi gari an zagaye ta da katanga, mai gadi yana korar jikokin waɗanda suka dasa jemar.

Akwai gidajen da suka riga suka zauna a bakin ramin, wasu ma bangon bayansu ya tafi. Waɗannan sai an tashe su, babu makawa. Amma a zauna da su da bulamominsu tun rani, a nuna musu inda za su koma, wurin da ke da ruwan sha da hanyar zuwa kasuwa, a biya su kafin a sa jan fenti a bango. Mutumin da aka kai shi daji aka ajiye zai dawo bakin kogi kafin shekara ta zagayo, kuma ba za a ce ya yi laifi ba.

Sai maganar maƙwabta. Daga mahaɗar ruwan nan zuwa ƙasa, Shari ita ce iyakarmu da Kamaru, kamar yadda Logon yake iyaka daga sama. Duk dutsen da muka jefa don karkatar da ruwa daga Farsha, wani wuri ruwan zai nufa, kuma wurin nan gaɓar 'yan'uwanmu ce ta ƙetare, waɗanda muke aurayya da su, muke cin kasuwa ɗaya ta gadar Ngeli. Su ma in sun yi nasu ba shawara, mu za mu kwasa. Ba sai an je nesa neman wurin zama ba: Hukumar Tafkin Chadi, wadda Tombalbaye da Ahijo da Diori Hamani da Tafawa Ɓalewa suka kafa a garin nan ranar 22 ga Mayun 1964, hedkwatarta tana nan cikin Injamena. Ku gayyaci magajin garin Kusiri da injiniyoyinsa, a shimfiɗa taswira ɗaya a kan tebur ɗaya kafin a zuba dutsen farko.

Game da kuɗi, mun ji cewa a 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don shirin PILIER na kare Injamena daga ambaliya. Muna roƙon a bayyana wa jama'a, da Larabci da Faransanci da harsunan unguwa a rediyo, ko nawa ne daga irin waɗannan kuɗaɗe zai je ga gaɓar kogi, da kuma wanda zai riƙa kula da aikin bayan masu ba da kuɗin sun tafi. Kwandon waya yana tsatsa, wani lokaci ma a kwance wayar a sayar. Dutse yana zamewa. Idan babu wani ɗan kaso a kasafin birni na kowace shekara don gyaran rani, da ma'aikaci takamaimai da za a iya zuwa a ƙwanƙwasa wa ƙofa, duk abin da aka gina zai koma cikin ruwa a hankali.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi a kan wannan. A kafa turakun siminti a bayan gaɓa, a wurare masu tazara, a auna nisan kowane turke zuwa baki sau biyu a shekara, kafin cika da bayan janyewa. Bulama da malamin makaranta da igiyar awo sun isa. A liƙa sakamakon a ofishin kowace arondisma. Cikin 'yan shekaru za a san kwanar da ta fi gaggawa da lamba, a daina kai dutse ƙofar wanda ya fi murya.

Ranka ya daɗe, gayyata nake yi. Idan watan Afrilu ya kama, ka ware safiya ɗaya, ka zo da injiniyoyinka da shugabannin arondismomin da ke bakin ruwa, a bar motoci a gadar Shagwa a shiga kwale-kwale a gangara har Milezi. Masunta za su tuƙa, masu lambu da masu yashi za su nuna ramukan da ke ƙarƙashin gaɓa ɗaya bayan ɗaya, mu magina kuma za mu zo da igiyar awo da turakun farko.

Allah Ya ƙara wa Magajin Gari lafiya.

Naku,
Wani magini daga Sabangali, Injamena